Ƙwaƙwalwar Motar Dogo

Shafi na 31

Masu damuna da saƙo cewa na bar Injiniya tsaye a bakin gareji kwana uku yana jiran janwe, to ga ta nan ta iso. Kowa ya gyara zama.

*

Ƙarfe goma saura kwata janwe ta shigo layin da baya da baya, tana huci, akori-kurar Dogo goye a bayanta.

Injiniya na tsaye da tsumman goge hannu. Wata bakwai ke nan motar na hannun hukuma, tun ranar da ta ƙwace wa ƙaninsa Dogo a gangaren babban titi ta yi ta juyi har cikin kwari. Ya ɗauka ya gama shirya wa ganinta. Da aka sauke ta a gabansa sai ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna.

Rufin ya lotsa har ya kusa taɓa sitiyari. Gilashin gaba babu ko ɓurɓushinsa. Ƙofar direba yanke ta aka yi. Murfin baya ne kaɗai ya tsira, da rubutun da Dogo ya sa aka yi masa da jan fenti: A GAIDA UMMA.

Direban janwen, wani mai tumbi da surutu, ya zagaya motar yana kaɗa kai. Ya ce duk wanda ya fito daga wannan gwangwani da ransa ai sake haihuwarsa aka yi.

"Bai fito ba," in ji Injiniya. "Ƙanina ne."

Mutumin ya haɗiye sauran maganarsa, ya yi ta'aziyya a gurguje, ya naɗe sarƙarsa ya tafi.

Kwana shida kafin hatsarin, a nan inda motar take yanzu Dogo ya faka ta yana mita, wai tana shan dizal kamar a ƙasa ake zubawa. Aikin da ya fito da sunan Injiniya ke nan a layin: ya jona kwamfuta da ɗan akwatin da ke ba injin umarni, wanda direbobi ke kira ƙwaƙwalwa, ya rage nan ya ƙara can, mota ta daina ɓarnar mai ta kuma ƙara jan kaya. Yini guda ya yi a kan ta Dogo. Ya rage mata mai a inda take zubar da shi a banza, ya ƙara mata ƙarfin tashi don ta ɗaga buhunan abincin kaji ba tare da baƙin hayaƙi ba.

Abu ɗaya ya ƙi taɓawa: dabaibayin gudu. Da ta kai ɗari da goma ƙwaƙwalwar za ta riƙe mai, ko direba ya taka totur har ƙasa.

Dogo ya yi roƙo, ya yi daɗin baki, ya yi fushi. Ya ce ya kawo doki an mayar masa da shi jaki. Injiniya ya ce birkin motar da tayoyinta ba za su ɗauki fiye da haka ba da kaya a baya, in ya so ya tafi da fushinsa. Suka rabu suna dariya.

Waɗanda suka ga hatsarin sun ce motar ta wuce su kamar iska.

Shi ke nan kowa ya gama lissafinsa. Wa ya taɓa motar? Yayansa. A gaban masu zaman makoki Umma ta ɗago kai ta ce masa, "Kai ka taɓa masa mota." Daga ranar ba ta sake kallon fuskarsa ba. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango.

Shi ma ya yarda. Ya ce wataƙila yatsansa ya zame, ya goge abin da bai yi niyyar gogewa ba. Ya kulle kwamfutar a durowa ya koma juye baƙin mai da canza birki kamar sabon shiga.

Jiya matar Dogo ta tare shi a tsakar gida, ta ce an ce a je a ɗauki motar da sauran kayan marigayi. Ta roƙe shi ya duba. Ba don komai ba, ta ce, yaranta za su girma su tambaye ta, kuma ba ta son ta ce masu ba ta sani ba.

Ya tashi daga kan tayar.

Akwatin yana nan a maƙale ƙarƙashin gaban kujerar fasinja, ko ƙwarzane babu. Ƙusa huɗu ya kwance. Ya ɗauke shi a tafin hannu biyu ya shiga ɗan ofishinsa, ya ture kwalayen fulogi gefe, ya jawo batir, ya jona wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu yana kuskuren waya.

Ya buɗe durowa. Ƙura ta yi wa kwamfutar lulluɓi.

Ta ɗauki lokaci tana karantawa. Ya zauna yana kallon layin nan kore yana jan ciki a hankali. Shi dai so yake ya ga kuskurensa da idonsa, ko ya san me zai riƙa neman gafara a kai.

Ta gama. Ya buɗe aikinsa na wancan lokacin a hagu, abin da ke cikin akwatin a dama.

A hagu, gurbin dabaibayi: ɗari da goma.

A dama: ɗari biyu da hamsin da biyar.

Ya matso da fuskarsa. Ya gangara ƙasa. Man da ake watsa wa injin in an taka totur an cika shi fal, irin aikin da ko a mafarki ba zai yi wa motar kaya ba. Babu zamewar yatsa da za ta yi wannan. Wannan wani ne ya kwashe aikinsa gaba ɗaya ya zuba wani a gurbinsa.

Akwatin yana ƙirga sau nawa aka yi masa rubutu. Kamfani sau ɗaya, shi sau ɗaya. Biyu ya kamata ya gani.

Uku ya gani.

Lambar na'urar da aka yi na ukun da ita, tasa ce. Wannan da ke jone a gabansa.

Sai kwanan wata.

Bai buƙaci ya duba kalanda ba. Ranar ce matarsa ta haihu. Tun asuba yana asibiti yana safa da marwa a baranda, bai leƙo gareji ba sai washegari. Mutum ɗaya ya bar wa makulli. Mutum ɗaya ne a duniya ya san kalmar buɗe kwamfutar bayan shi, don shi da kansa ya zaunar da ita a kujerar nan ya koya mata.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a zaune ba sai da ya ji sallamarta.

Auta ce, ƙanwarsu, da kular abinci a hannu kamar kullum. Ita ce wata bakwai tana kawo masa abinci ta tsaya a kansa sai ya ci. Ita ke shiga ta fita tsakaninsa da Umma tana cewa ya ƙara haƙuri. Ta shigo tana faɗin ta ga motar a waje, bai kamata ya tsaya shi kaɗai ba, da ya kira ta.

Idonta ya sauka kan akwatin da wayoyin.

Ta katse maganar.

"Ajiye kular," ya ce. "Zo ki karanta min wannan. Idona ba ya gani sosai yau."

"Yaya, ka fara cin abinci."

"Zo ki karanta."

Ta ajiye kular a kan kwalin fulogi, ta matso rabin taku. Ba ta kalli kwamfutar ba.

"Uku," ya ce. "Ni na yi ɗaya. Kamfani ya yi ɗaya. Taya ni nemo na ukun."

Ta kawar da kai.

"Ranar da aka haifi 'yata. Wa na bar wa makulli?"

Ta sulale ta durƙusa a kan simintin da ya sha baƙin mai, ba ta ko tattare zanenta ba.

Ya yi zaton zai yi ihu. Ya yi zaton zai kifar da teburin. Sai ya ji muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa kamar ta mara lafiya.

"Ke ce?"

Ta gyaɗa kai.

"Faɗa da bakinki."

"Ni ce, Yaya."

Ta ba shi labarin a tsinke, kuka na yanke mata shi. Dogo ya zo da hantsi da wani aiki da ya samo a waya daga wurin abokansa direbobi, wai an gwada a motoci da yawa, lafiya lau. Ya ce minti goma ne kawai. Ita ba ta ma buɗe ta ga me ke ciki ba, ta jona ta danna. Motar ta tashi da wani irin gurnani, Dogo ya yi ta tsalle yana cewa yau dokinsa ya dawo. Ya ce kada ta faɗa wa Yaya sai ya dawo daga tafiya ya nuna masa da kansa.

Injiniya ya saurara har ta kai ƙarshe.

"Na koya miki abu na farko a kujerar nan. Me na ce?"

"Kada in zuba wa mota abin da ban karanta ba."

"To wannan ya wuce. Kuskure ne, kowa na yi. Da kin zo kin same ni a ranar, da ni zan tare miki." Ya ture kwamfutar gefe. "Wata bakwai fa, Auta. Kina kallo mutane suka daina kawo min mota. Kina kallo ana nuna ni da baki a layin nan. A nan, a kan teburin nan, na kifa kai ina kuka ina ce miki na kashe ƙanina, kika dafa kafaɗata kika ce ƙaddara ce."

"Yaya..."

"'Yata ta fara zama. Umma ba ta taɓa ɗaukarta ba. In matata ta miƙa mata ita sai ta ce hannunta na ciwo. Kina wurin."

"Na so in faɗa. Wallahi sau nawa ina zuwa bakin ƙofar nan da niyyar faɗa."

"Me ya hana ki?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

"Tsoro? Ni kike tsoro? Yaushe na taɓa ɗaga miki hannu?"

"Ba kai ba."

"To wa?"

Ƙarar guduma ta taso daga shagon mai walda na maƙwabta, sau uku, sau huɗu.

"An hana ni," ta ce.

"Wa ya hana ki?"

"Da Yaya Dogo ya zo da farko, ƙi na yi. Na ce kai ka ce a'a, ni ba zan taɓa ba. Ya fita da fushi. Bai yi awa ɗaya ba ya dawo." Ta ja numfashi. "Ba shi kaɗai ya dawo ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Umma ce ta zauna a kujerar da kake kai," in ji Auta. "Ta ce kai tun kuna yara haka kake danne shi, komai sai ka nuna ka fi shi sani. Ta ce yaro na neman abincin iyalinsa an ɗaure masa mota. Na ce Umma, Yaya ya ce birkin ba zai ɗauka ba. Ta ce da ni da kai wa ya haifi wani? Ta ce in kwance masa motarsa tana kallo."

Injiniya ya miƙe daga kujerar kamar ta ƙona shi.

"Ƙarya kike."

Ba ta musa ba. Kallonsa kawai ta yi, shi kuwa ya san fuskar ƙanwarsa in tana ƙarya, ba wannan ba ce.

"Ta sani," ya ce. "Ranar da ta nuna ni a gaban mutane, ta sani."

"Da labarin ya zo na ruga ɗakinta na ce Umma mu ne. Ta toshe min baki da hannunta. Ta ce in na sake faɗa ba ta yafe min ba. Ta ce ni mace ce, ƙarama, in maganar ta fita ba zan sake ɗaga kai a cikin mutane ba." Muryarta ta karye. "Ta ce kai namiji ne, kai babba ne. Za ka iya ɗauka."

Za ka iya ɗauka.

Ya dafa bango. Duk safiyar da ya durƙusa a ƙofar ɗakin nan ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba fushi ne ya juyar da fuskarta ba. Zaɓa ta yi a cikin 'ya'yan da suka rage mata, ta ga shi ne zai fi daɗin sarawa.

Ya zare wayoyin daga jikin akwatin, ya naɗe shi a tsumma. Auta ta kama ƙafar wandonsa tana roƙon kada ya je, hawan jinin Umma ya tashi tun jiya da aka ce za a kawo motar. Ta ce ya yi mata duk hukuncin da ya ga dama, ita ta danna, ita ce mai laifi.

"Sake ni. Ki kulle garejin, kin san inda makulli yake."

Bai hau babur ɗinsa ba. Da ƙafa ya tafi, rana a tsakiyar ka, akwatin a hammata. Mai walda ya ɗaga masa hannu bai gani ba. A hanya ya shirya maganganu iri-iri. Zai ajiye akwatin a gabanta ya ce ta dube shi. Zai tambaye ta ko shi tsintarsa aka yi. Zai tara duk waɗanda suka zauna a wurin makokin a maimaita a gabansu.

Ya shiga gida. Takalman mutum biyu ne a ƙofar ɗakin Umma.

Ya yi sallama ya ɗaga labule.

Umma na zaune a bakin gado da carbi, ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Bai lura da haka ba sai yau, don bayanta kawai yake gani. A ƙasa kusa da ƙafarta matar Dogo ce zaune, da wata farar leda a cinyarta, ƙaramin ɗanta na barci a gefe.

Matar Dogo ta gyara mayafi ta gaishe shi. Idonta ya je kan ƙunshin da ke hammatarsa.

"Yaya, ka duba?"

"Na duba."

"Me ka gani?"

Carbin ya tsaya a hannun Umma.

A hankali ta juyo. Ta kalli tsumman, ta kalli baƙin man da ke gwiwar wandonsa inda Auta ta riƙe, sannan ta kalle shi cikin ido. Ta girgiza masa kai kaɗan, yadda surukarta ba za ta gani ba.

"Babana," ta ce, da ƙyar.

Duk maganganun da ya shirya a hanya suka watse. Tsohuwa ce kawai a gabansa, wadda ta binne ɗa ɗaya, tana roƙon ɗayan da ido. Ita ta goya shi. Ita ta sayar da keken ɗinkinta ta saya masa akwatin sifanu na farko. In ya buɗe baki yanzu, matar nan za ta kwashi yaranta ta bar gidan, kuma su ne kaɗai abin da ke sa Umma ta ci abinci.

Ya durƙusa, ya ajiye ƙunshin a bayansa.

"Ruwa ya shiga akwatin," ya ce. "Ba ya karantuwa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ki bar shi a yadda kowa ya sani. Ni na taɓa motar."

Umma ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen hancinta.

Matar Dogo ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce ita dai ba ta taɓa riƙe shi a zuciya ba, Allah ne shaidarta. Ta buɗe farar ledar, ta ce ga kayan da aka ba ta da safe: agogonsa, lasisinsa, da wayarsa. Gilashin wayar ya tsage amma da ta sa caji ta kawo wuta.

"Akwai saƙon murya da ya yi maka, Yaya, ranar da abin ya faru. Bai tafi ba, ina jin babu sabis a wurin. Ban saurara ba. Na ce ba nawa ba ne, sai ka zo mu ji tare da Umma, ko muryarsa ma ji."

"Bari sai anjima," ya ce da sauri, ya miƙa hannu. "Ba ni wayar."

Yatsanta ya riga shi.

Ƙugin inji ya cika ɗakin, da iska tana dukan gilashi. Sai dariyar Dogo, garau, kamar yanzu zai ɗaga labule ya shigo.

"Yaya, ka ji ƙarar dokina? Ɗari da arba'in nake kai yanzu haka. Kar ka yi wa Auta faɗa, wallahi ƙi ta yi. Umma na je na ɗauko, ita ta..."

Carbin ya tsinke a hannun Umma.